Gida Ya Yi Shiru: Yadda Ake Fita Shan Iska da Uwargida a Kan Babur

Ranar da aka kai autarmu ɗakin mijinta, bayan 'yan biki sun watse, an mayar da tukwanen aro da tabarmin maƙwabta, muka zauna cin tuwon dare ni da uwargida, sai na ji abin da rabona da shi ya fi shekara talatin: motsin kaji a akurki, can ƙuryar gida. Babban ɗanmu yana aiki a Sakkwato, mai bi masa yana kasuwa a Kano, matan kuwa kowace tana gidanta. Gida ya koma mu biyu kamar farkon aure, sai dai yanzu da furfura.

A gidan Bahaushe irin wannan shirun ba ya daɗewa. Kafin ka ankara an kawo jika yaye, ko ɗan ƙane ya zo karatu, ko wata ta dawo wankan gida. Ɗan tsakanin nan, wata shida ne ko shekara, shi nake so mai karatu ya kama kafin ya kuɓuce masa. Matar da ta kwashe shekara talatin tsakanin murhu da rijiya, wadda duk fitarta ba ta wuce biki da suna da gaisuwar rasuwa da asibiti ba, ta cancanci a kai ta wani wuri ba don an haihu ko an rasu ba, don kawai ta ga ruwa da duwatsu, ta sha iska.

Da na ce mata, "Hajiya, ki shirya in kai ki ki ga ruwan Bakolori," sai ta aje ludayi ta ce, "Malam, bisa babur? Da girmanmu? Mi mutane za su ce?" Na tuna mata cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi tafiya da iyalinsa, har an ruwaito ya yi tseren gudu da Nana A'isha a kan hanya, ba sau ɗaya ba. Mai mata fiye da ɗaya ma an nuna masa yadda zai yi, don ƙuri'a Annabi yakan yi tsakanin matansa in tafiya ta taso. Ka yi ƙuri'a, ko ka tsara a fili, bana wance, baɗi wance, kuma ka cika alkawari. Ta fuskar hukuma kuwa, dokar da ta hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, wadda ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999, ba ta shafi miji da matarsa ba.

Kafin komai, ka ɗaure wannan a zuciyarka: tafiyar tata ce. Wadda ke zaune a baya ita ce ma'aunin gudu, ita ce ma'aunin nisa, ita ce ma'aunin lokacin tsayawa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya tsiro.

To, ina za a je? Mu mutanen Gummi da Bukkuyum da Anka ba mu da otal a kan dutse da ke kallon tafki, irin wanda ake gani a hotunan ƙasashen Turai. Abin da Allah ya ba mu shi ne gulbin Zamfara, wanda ya ratso ƙasashen nan uku ya nufi Kabi, da fadamunsa na shinkafa da albasa. Nan ya kamata a fara, fitar wuni guda, ko ma ta hantsi zuwa azahar, a bakin gulbi kusa da gari, inda masunta da masu lambu suka san fuskarka. Wannan fitar ita ce gwaji. A nan za ka gane ko bayanta na jure zaman babur, ko gwiwarka na jure goyo.

Mataki na biyu shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a kan gulbin Sakkwato. An kammala ta a 1978, tsawon bangonta ya kai kilomita biyar da rabi, tafkin da ke bayanta kuma yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Wanda bai saba ganin ruwan da ya fi gulbi faɗi ba, in ya tsaya a can sai ya yi shiru. Mai son dutse kuwa, akwai na Kwatarkwashi gaba da Gusau, a kan hanyar Funtua. Inda ruwa da dutse suka haɗu wuri guda sai ka dangana da Tiga a jihar Kano, yankin Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birni. An gama ta a 1974, zamanin gwamna Audu Baƙo, ruwanta ya ninka na Bakolori fiye da sau uku, kuma a can ne aka gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon tafkin. Amma kada wanda ya haura hamsin ya ce zai goya matarsa daga Gummi har Kano. A shiga mota a sauka wurin ɗa ko ɗan'uwa, a huta kwana biyu, sannan a ari babur a can a yi Tiga da shi. Ba a rage komai daga daɗin tafiyar ba.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, wadda duk ɗan yankin nan ya san ba a tsallake ta. Hanyoyinmu ba kamar da suke ba. Mun ga abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairun 2022, lokacin da 'yan bindiga suka hallaka jama'a masu yawan gaske, kuma har yau titin da ya taso daga Mayanchi ya bi ta Anka da Daki Takwas zuwa Gummi, wata rana lafiya, wata rana sai addu'a. Ƙasar Maradun, inda madatsar Bakolori take, ita ma ta sha wuya. Saboda haka ba kai ke sa ranar tafiya ba, hanya ke sa ta. Mu sau biyu muna ɗaure kaya muna kwancewa kafin a na uku mu tafi, kuma ban yi da-na-sanin ko ɗaya ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Labarin hanya ba a rediyo ake samun sa ba, a tasha ake samun sa. Ka je da safiyar ranar da kanka, ka nemi direban da ya shigo yanzu daga inda ka nufa, ba wanda ya bi hanyar jiya ba. Ka tambayi 'yan kamasho mota nawa suka shigo tun safe. In sun ce shiru, to kai ma ka yi shiru ka koma gida. Sannan ka kira wanda zai sauke ku, ya ba ka labarin can ɓangaren. In kana da wanda ka yarda da shi cikin jami'an tsaro ko Askarawan Zamfara, waɗanda gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a farkon 2024, ka ji ta bakinsa. Baki uku in suka zo ɗaya, sai ka yi bisimilla.

Kada ka yi shelar tafiya. Mutum biyu sun isa su sani: ɗaya cikin 'ya'yanka, da mai masaukinku. Ka roƙi uwargida ita ma ta riƙe bakinta, ko da a wurin aminiyarta ce, ba don ana zargin kowa ba, sai don magana in ta fita ba a san kunnen da za ta faɗa ba, kuma kowa ya san ɓarnar da infoma, masu kai wa 'yan bindiga labari, suka yi mana. Hotuna a bar su cikin waya sai an dawo. Babbar riga da agogo mai ƙyalli da sarƙar gwal su zauna a akwati. Ku fita kamar masu zuwa gaisuwa ƙauye na gaba.

Ba a fita da asuba, ba a kai magariba. Ka bari hantsi ya ɗaga, motocin haya sun fara kai da kawo, wajen ƙarfe takwas zuwa tara, kuma ka lissafa yadda za ku sauka kafin la'asar. Ka tsaya a kan kwalta. Duk wanda ya ce maka ga yanke ta daji wanda zai rage maka awa guda, ka gode masa ka bi doguwar. In da hali ka bi bayan motar haya da 'yar tazara, kuma ka riƙa lura da masu tahowa daga gaba. In ka yi tafiyar minti goma a hanyar da ta saba da zirga-zirga ba ka gamu da kowa ba, kada ka wuce gari na gaba sai ka tambaya.

Dokar babur kuma sai ka bincika ta ranar. A watan Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita hawan babur da dare, kuma tun daga lokacin an sha sabunta irin waɗannan dokoki, wani lokaci a wasu ƙananan hukumomi kawai. Abin da aka yarda da shi a Gummi ba lalle ne a yarda da shi a Mafara ba. Kada ka ɗauki fetur a jarka ko a gora, komai ƙanƙantarsa, don zai jawo maka tambayar da ba ka da bukata. Ka cika tanki a gidan mai, ka ƙara a kowane babban gari. In ka doso shingen sojoji, rage gudu tun daga nesa, ka buɗe fuskarka, in ka ga masu babur na sauka suna turawa kai ma ka sauka. Rawani ko ƙyallen da ya rufe fuska saboda ƙura, a wannan zamani ba abin sawa ba ne a kan babur. Katin ɗan ƙasa naka da nata, lasin, da takardun babur su kasance a aljihun gaba, cikin leda.

Sai shi kansa babur ɗin. Boxer ko makamancinsa, mai doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya, ya fi roba-roba daɗin goyo a tafiya mai nisa. Ka kai shi wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don gyara sabo yakan nuna halinsa ne bayan kwana biyu ko uku, gara ya nuna shi a cikin gari. Ka tsaya a kansa, kada ka aje ka tafi. A juye baƙin mai. A sa sabon filogi, tsohon in yana da rai ka riƙe shi a matsayin na ko-ta-kwana. A duba birkin gaba da na baya, domin nauyin mutum biyu da kaya yana ƙara nisan da babur ke ci kafin ya tsaya. Sarƙa a wanke ta, a sa mata mai, a ɗaure ta yadda in ka taɓa tsakiyarta da yatsa za ta yi wasa kamar faɗin yatsa biyu. In ta yi tauri tana cin haƙoran siroket, in ta yi sako-sako tana iya zamewa. Shokozoban baya shi ne abin da maza suka fi mantawa da shi, saboda ba su ne ke zaune a kansa ba. In ya mutu, kowane rami a ƙugunta zai sauka. A canza shi, ko a ƙara masa tauri in irin mai daraja-daraja ne. Taya in ta yi sanƙo ko gefenta ya tsattsage, kada ka yi ciniki da ranka. Mai faci ya auna iska da ma'auni, ba da bugun yatsa ba: a yawancin irin waɗannan babura gaba kan ɗauki 25, baya kuma 32 in da goyo.

Akwai ƙaramin aiki guda da nake roƙon kowa ya yi, ko da ba zai je ko'ina ba. Ka sa mai walda ya ɗaura ragar ƙarfe a gefen tayar baya, in babur ɗinka bai zo da ita ba. Na taɓa ganin hijabin wata baiwar Allah ya shiga tayar baya a cikin gari, ana tafiya a hankali, ya fizgo ta ƙasa ta wuya. Allah ya kiyaye ta rayu, amma abin bai bar idona ba. Don haka uwargida ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin zane, ta tattaro hijabi ta zauna a kan gefensa, ragowar ta riƙe a cinya, kuma kai da kanka ka zagaya ka duba kafin ka tayar, kowane tashi, ba na farko kaɗai ba. Ka nuna mata salansa, ka ce ta kiyayi ƙaurinta, don ƙunarsa ba ta warkewa da wuri, balle ga mai ciwon suga.

Zaman gefe guda, wanda matanmu suka saba da shi, ya isa zuwa unguwa, amma a doguwar hanya yana gajiyar da baya, kuma in aka taka birki da ƙarfi ba ta da abin dafawa. In za ta yarda ta raba ƙafa, da wando da dogon hijabi babu abin da ke bayyana, kuma ya fi aminci nesa ba kusa ba. In ba ta yarda ba kada ka tilasta, sai a sa mata faffaɗan mataki, kai kuma ka rage gudu. Hular kwano biyu za ka saya, kuma tata ta zauna daidai a kan ɗankwali mara tudu, a ɗaure igiyar a haɓa. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Ku yi yarjejeniya tun a gida: in ta dafa kafaɗarka sau ɗaya, rage gudu, sau biyu, tsaya. Iska ba ta barin a ji magana, kuma mace mai kunya za ta iya daurewa da ciwo awa guda ba ta ce uffan ba.

Kaya kaɗan. Jaka guda a ɗaure a kariya da roba, mai nauyi a ƙasa, kada ta tura ta gaba ta matse ta. A ciki: kayan sawa kala biyu-biyu, gidan sauro, dadduma, buta, tocila, sifana da filaya da sukundireba, tiyub sabo, ƙaramin famfo, da abin cajin waya. Layin waya biyu na kamfani daban-daban. Kuɗi kaɗan a hannu, a raba wuri biyu, sauran a bar su a kati tunda masu POS sun cika garuruwa. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya ɗauki na kwanakin tafiya da ƙarin na kwana uku, kuma ya je a auna shi cikin makon. Guzuri kuwa namu na gida ya fi: hoce da ƙuli, dabino, ɗan kilishi, fura a ƙulle a dama a hanya, da ruwa mai yawa.

A kan hanya kada ka wuce gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, ko da titi ya yi kyau. Ka taka birki da wuri kuma a hankali, ka haɗa na gaba da na baya. A kwana ka ce mata ta bi jikinka kawai, kada ta karkata ɗaya gefen. Yashi a bakin titi da shanu masu tsallakawa da ramin da ke ɓoye a inuwar itace, su ne masu kayar da mutum. Duk minti arba'in zuwa awa guda ku tsaya a cikin gari, ba a fili ba, wurin mai shayi ko gindin masallaci, ku miƙe ƙafa ku sha ruwa ko ba ku ji ƙishi ba. Batun salla kuwa, wanda ya taso daga Gummi zuwa Mafara ya wuce nisan ƙasaru, wanda malamanmu na Malikiyya suka ƙiyasta da mil 48, wato wajen kilomita 80, don haka yana iya yin ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen kaka, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ruwan sama ya ɗauke, tafki na cike, an girbe dawa an kwantar da kara, ido na ganin nesa a gefen titi, kuma hazon hunturu bai yi kauri ba tukuna. Damina ba lokacin wannan tafiya ba ce. Wanda ya ga ambaliyar Gummi ta watan Agustan 2024 ba sai an yi masa bayani ba. Bazara kuwa, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba na dattijo a kan babur ba ne.

Masauki a cikin garin Talatar Mafara za ku yi shi, ba a bakin ruwa ba. Gidan aboki ko ɗan'uwa ya fi, ka tafi masa da 'yar tsaraba. In masaukin baƙi ne, mutumin gari ya zaɓa maka, ya je ya gani da idonsa kafin ku iso. Haka ma Tiga, kada ka dogara da sunan otal, a tabbatar maka da wurin kwana tun kuna Kano, ko ku yi ta zuwa da dawowa a wuni ɗaya. Washegarin saukarku a Mafara, da hantsi, ku tafi madatsar Bakolori tare da ɗan gari a nasa babur, ku yi sallama da masu gadi, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Ruwan kallo ne, ba na wanka ba. Ruwan da ke kwance irin na madatsa da magudanan rani yana ɗauke da tsargiya, kuma tana shiga ta fata ne, ko da tsoma ƙafa kawai aka yi. Alwala a yi da ruwan buta. Kwalekwale kuma, in babu rigar kariya ko an cika shi da mutane, a haƙura. Mu mutanen Gummi ba mu manta da wanda ya kife da manoma a watan Satumban 2024 ba.

In kun zauna, ka ba ta labarin wurin, don ruwan Bakolori yana da tarihi mai nauyi. A ƙarƙashinsa akwai gonaki da gidajen mutanen da aka tasa, kuma a watan Afrilun 1980 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da suka tsaya neman diyyarsu, aka rasa rayuka da yawa. Ku yi musu addu'a. Daga nan sai ka yi shiru ka bar ta ta kalla. Kada ka cika wurin da lissafin kuɗin makarantar jikoki ko rigimar gado.

Mu a gindin wata bishiya muka shimfiɗa dadduma, muka sayi kifi wurin masunta aka gasa mana. Hajiya ta daɗe tana kallon wasu fararen balbelu da ke bin gefen ruwa, can ta ce, "Malam, ashe haka ruwa ke yin faɗi har ya haɗe da sama?" Na ce haka ne. Ta ce in kira mata autarta ta gaya mata, na ce a bari sai mun isa gida. Da rana ta take tsaka muka naɗe dadduma, na zagaya na duba gefen hijabinta da tayar baya, muka bi ɗan rakiyarmu zuwa cikin gari kafin a kira azahar.